Fitar haƙorin yara: na kwalba, hoda, jel, robar tauna ko na gargajiya, wanne za ki ɗauka?

In kika shiga kemis a garin nan na Kano kika ce yaronki haƙori yake yi, kafin ki rufe baki an jero miki abu uku a kan kanta, maganin ruwa na kwalba, hoda 'yar ƙunshi-ƙunshi a takarda, sai jel ɗin da ake shafawa a dasashi. In mai kemis ɗin ya hango 'yan canji a hannunki zai ƙara miki da robar tauna, in kuwa kika kuskura kika ce ai har zawo yake yi to Flagyl ma ta shigo lissafi. Ki dawo gida Hajiya ta ce ki ajiye tarkacen nan a jiƙa masa dauri, maƙociya ta leƙo ta ce ita fa zuma kawai take shafa wa nata kuma lafiya lau. To wanne za ki ɗauka? Zan bi su ɗaya bayan ɗaya yadda na auna su, amma akwai abin da ya riga zaɓen magani, ki fara tabbatarwa haƙorin ne ma tukunna.

Yawancin yara wajen wata 6 suke fara fitar da haƙori, wani tun yana wata 4, wani kuma sai ya kusa shekara ko ma ya ɗan gota bakinsa fayau, kuma duk lafiya ce. Na gaba guda biyu na ƙasa su ne kan fara leƙowa, sai na sama, sai na gefensu. Turame na farko sai bayan shekara, tsakanin wata 13 zuwa 19 haka, sannan fiƙoƙi, sannan turame na can ƙurya, kafin ya cika shekara 3 haƙoran yarinta guda 20 sun kammala. Ki duba lissafin nan da kyau. Daga wata 6 har kusan shekara 3 yaro kusan kullum ko dai wani haƙorin na hanya ko kuma bai daɗe da hudowa ba, ke nan duk ciwon da ya same shi a tsakanin nan, maleriya ce, ciwon kunne ne, gudawa ce, in aka buɗe bakinsa za a samu haƙorin da za a ɗora wa laifi. Shi ya sa maganar "haƙori ne" ba ta taɓa faɗuwa ƙasa a gidajenmu.

Abin da haƙori yake yi da gaske bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Dalalar yawu har gaban riga ya jiƙe sharkaf, dasashi ya ɗan kumbura ya yi ja a daidai wurin da zai fito, in kika sa yatsa kina jin tudu mai tauri a ƙasa. Duk abin da ya samu sai baki, gefen zaninki, makullin babansa, waya, yatsunsa. Rigima da ƙananan koke-koke, barci ya ɗan rikice, ya rage cin abinci kwana biyu amma nono yana sha, wani ya riƙa jan kunnen ɓangaren ko goga kumatu, haɓa da wuya su yi ƙananan ƙuraje saboda yawun da yake kwanciya a wurin. Jiki kan ɗan yi ɗumi, ɗumi fa, ba zafi rau ba, in kika auna zafin jikinsa ba ya kaiwa digiri 38. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2000, an bi yara 125 ana rubuta halinsu kullum, an ga alamun suna taruwa ne cikin kamar kwana 8, kwana 4 kafin haƙorin ya huda, ranar da ya huda, da kwana 3 bayan nan. Don haka yaron da ya yi wata guda yana rama ana cewa haƙori ne, a sake dubawa. Shi kansa yawun ma, ɗan wata 3 yana fara dalala ne don yawunsa ya ƙaru kuma bai iya haɗiye shi ba, sau da yawa haƙorin na can da sauran watanni.

Zazzaɓi mai zafi, zawo ruwa-ruwa sau uku sau huɗu a rana, amai, tari da haki, ƙin kama nono, taune-taune irin na jijjiga, babu ko ɗaya da haƙori yake kawowa. Na san za a ce to me ya sa duk yaron da ke haƙori sai ya yi zawo, mun gani da idonmu. Eh kun gani, amma lokaci ne ya haɗu. A wata 6 ɗin nan garkuwar da ya samo daga jikin uwa tun yana ciki take raguwa, a lokacin ake fara ba shi koko da kunu da ruwa, a lokacin yake fara zama da jan ciki da rarrafe a tsakar gida, kuma ƙaiƙayin dasashi ya sa komai ya tsinta sai ya kai baki, har silifas ɗin da aka fito da shi daga banɗaki. Ƙwayar cuta ce ta shiga ciki ta kawo zawon, kuma zawon yana tsotse ruwan jikin yaro ko da haƙori ko babu.

To mu ce kin duba, ba zazzaɓi, ba zawo, yana shan nono, rigima ce kawai da cizo. Mu fara da wanda ba a saye.

Yatsa da sanyi. Ki wanke hannu da sabulu, farce a yanke, in akwai zobe a cire, ki ɗora shi a cinya ki sa yatsa ki riƙa danna dasashin kina murzawa a hankali minti ɗaya zuwa biyu. Da farko zai iya ture hannun yana ƙara kuka, sai can ki ji ya damƙe yatsan da dasashi yana ciza da ƙarfinsa yana lumshe ido, to kin samu wurin. Dannawar ce take rage masa zugin, sanyi kuma yana rage kumburi. Ƙaramin tawul ko hankici mai tsabta, a jiƙa da ruwan sha a matse a ƙulle bakinsa, a sa a firij ya yi sanyi a ba shi ya yi ta tauna. Na san matsalar, wuta. A watan Afrilu ana wannan zafin na Kano firij ɗin da yawanmu ya koma kabad, to ba sai da firij ba, ki sa tawul ɗin a leda mai tsabta ki tura cikin kular da kika zuba ƙanƙarar da kika saya, ko ki jiƙa shi da ruwan randa in dai ruwan da kuke sha ne kuma an tafasa ko an tace. Ƙaramin cokalin ƙarfe ma haka, a sanyaya a ɗora bayansa a kan dasashi, amma ke za ki riƙe, ba a bar masa yana rarrafe da cokali a baki. Ita ƙanƙarar kanta kar ta taɓa dasashi kai tsaye, sanyinta ya yi yawa yana ji masa ciwo. Aibin wannan hanya ɗaya ne, tana cin lokacinki kuma sauƙin ba ya daɗewa, sai kin maimaita sau da yawa a yini ga girki ga wanki ga sauran yara. Amma ba ta da illa ko ɗaya, kuma in kin haɗa da goyo, ki saɓa shi a baya ki ci gaba da aikinki, yawancin rigimar rana a nan take ƙarewa.

Robar tauna aikin tawul ɗin take yi, bambancin ita kina iya miƙa masa ki samu hannunki. In za ki saya ki nemi wadda take roba ce zalla dunƙule guda, mai ɗan tauri, wadda za ki iya tafasawa, kuma ta fi ƙarfin bakinsa girma. Masu ruwa a ciki ɗin nan masu kyalli da 'yan kifaye suna yawo sun fi ɗaukar ido a kasuwa amma ni ban yarda da su ba, haƙori ɗaya in ya fito zai iya huda ta, kuma ba ki san wane ruwa ne a ciki ba. Masu fentin da ke goguwa da masu ƙananan duwatsu da za su iya ɓallewa su ma a bar su a shagon. A firij ake sa ta ba a firiza ba, in ta daskare ta zama dutse. Kar a ɗaura mata zare a rataya masa a wuya wai don kar ta faɗi. Kuma za ta faɗi ɗin, sau goma a rana, a ƙasa, a cikin adaidaita, a gidan biki, in dai za ki ɗauka ki goge da gefen mayafi ki mayar masa baki to gara ma ba ki saya ba, don zawon da ake cewa na haƙori kin kawo shi da hannunki. Ki ajiye guda biyu ana wanke ɗaya ana ba shi ɗaya.

Abin ci mai sanyi kuma sai yaron da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci. Ayaba da aka dama, kankana da aka cire 'ya'yan aka murje, yogot marar sukari, duk da ɗan sanyinsu a cokali. Kokwamba da aka wanke aka fere, babban yanki, tana daɗi a dasashi amma kina zaune a gabansa, don da zarar haƙoran gaba sun fito zai iya gutsuro yanki ya shaƙe shi. Ɗanyen karas ya fi haɗari saboda taurinsa. Rake da biskit da alawa kuwa sukari ne kike jiƙa sabon haƙori da shi.

Yanzu magunguna, kuma a nan zan daɗe.

Farasitamol shi kaɗai, ba gauraye da komai ba, shi ne maganin da za ki iya cewa yana da hujja. Ba na kullum ba ne, na daren da kin yi murzar kin yi tawul kin yi goyo kin ba da nono amma yaro ya ƙi runtsawa kuma kin ga alamar ciwo yake ji. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Yaro mai kilo 8 ke nan miligiram 80 zuwa 120, in kwalbar an rubuta 120mg a 5ml to kar ya wuce 5ml. Tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kuma kar ya wuce sau 4 a awa 24. Dan Allah ki karanta jikin kwalba, saboda akwai na ɗigawa na jarirai wanda 100mg ne a 1ml kacal, ya fi wancan kauri nesa ba kusa ba, in kika ɗura masa 5ml na wannan kin ba shi na babban mutum, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa shiru-shiru ba tare da an ga alama da wuri ba. Da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da maganin ake aunawa, cokalin shayin gidanki da na gidan maƙociya ba girmansu ɗaya ba. In kin kwana biyu kina bayarwa abin bai lafa ba, ba ƙarin magani ake yi ba, asibiti ake tafiya. Ibuprofen ma yana aiki, har ya fi daɗewa a jiki, amma ya fi sharuɗɗa, ba a ba ƙaramin jariri, ba a bayarwa ciki ba komai, kuma yaron da ke zawo ko amai ko bai sha ruwa sosai ba kar a ba shi don yana taɓa ƙoda, shi ya sa na fi so ki bari sai likita ko nas sun ce. Asfirin kuwa babu shi a lissafin yara kwata-kwata.

Sai na kwalbar da aka rubuta maganin haƙori a jiki, wanda ya fi kowanne kasuwa. Ki juya kwalbar ki karanta abin da ke ciki, da yawansu farasitamol ɗin nan ne dai aka haɗa da maganin mura mai sa barci, za ki ga an rubuta diphenhydramine ko chlorpheniramine, wannan na biyun shi ne ke cikin Piriton. To ki gane abin da ke faruwa, farasitamol ya rage ciwon, ɗayan kuma ya kwantar da yaron, uwa ta samu barci ta ce wallahi maganin nan yana da kyau. Ai dole. Amma babu abin da ya yi wa haƙorin, bai sa ya fito da wuri ba, bai hana zawo ba, duk da haka akwai masu fara ɗura wa yaro tun yana wata 3 kullum safe da yamma wai rigakafi, har kwalba ta ƙare a sayo wata. Matsala ta farko, magungunan nan masu sa barci ba a son ba jarirai su sai da umarnin likita. Ta biyu, yaron da maleriya ke ci in aka ba shi abin da zai sauke zafin ya kuma sa shi barci, an rufe alamar da za ta sa a garzaya da shi asibiti, sai an kwana uku jini ya yi ƙasa a ce ai shiru-shiru ya yi. Ta uku ita ce ta fi yawa, uwa ta ba da na haƙori, bayan awa ɗaya ta ji jiki da ɗumi ta ƙara da farasitamol, ba ta san abu ɗaya ta ba shi sau biyu ba.

Kuma duk wadda ta yi wayo a 2008 ta tuna My Pikin. Maganin haƙori ne na kwalba da wani kamfani a Legas ya yi, aka samu gubar diethylene glycol a ciki, sinadarin masana'antu irin wanda ake sawa a man birki. Yara suka riƙa daina fitsari, ƙoda ta tsaya. Hukuma ta ƙirga yara 84 da suka rasu, kuma ba can kudu kaɗai ba, har asibitin koyarwa na Zariya nan kusa da mu an kwantar da su. NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Ba ina cewa duk na kwalba guba ba ne, wancan gurɓata ce aka samu wajen haɗawa. Abin da ke ci min rai shi ne da yawan yaran nan ba wani ciwon da ya wajabta magani suke yi ba, haƙori ne da zai fito da kansa. Duk maganin ruwan da za ki saya wa yaro, ko farasitamol ɗin ne, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki saya a kemis ɗin da kika sani, ba a tiren mai yawo da magani a rana ba. Tsakanin na kwalbar nan da farasitamol zalla ni ban ga abin tsayawa tunani ba, zalla ɗin za ki ɗauka, kin san abin da kika bayar kin san adadinsa.

Hodar haƙori ba zan daɗe a kanta ba. Shahararriyar cikinsu ta Ingila ɗan ruwan furen kamomil ne a cikin sukarin madara, yaro ya ji zaƙi-zaƙi a baki ya yi shiru na ɗan lokaci, babu wata hujja mai ƙarfi cewa tana yin fiye da haka. Ta asalin ba ta cika cutarwa ba, kuɗinki ne dai ke tafiya, inda ake jin tsoro shi ne jabu da wadda ake ƙullawa ba suna ba lamba. Turawan ma sun sha wuya da hodar haƙori, ta zamanin da har da sinadarin makuri mai guba a ciki, yara suka yi ta wani ciwo da tafin hannu da na ƙafa ke yin ja suna saɓulewa, sai a shekarun 1950 da aka cire shi ciwon ya ɓace.

Jel a ido shi ya fi kama da hankali, wurin ke ciwo a shafa a wurin. Amma bakin da yawu ke zuba kamar famfo me zai zauna a ciki? Cikin 'yan mintuna ya wanke, yaro ya haɗiye, uwa ta ga kukan ya dawo ta ƙara shafawa, a haka a haka ya sha abin da ba a yi shi don sha ba, kuma in maƙogwaro ya daina jin komai haɗiya ma tana iya rikicewa ya ƙware. Hukumar magunguna ta Amurka a 2018 ta ce kar a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba duk jel mai benzocaine, saboda yana iya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yaro ya kama haki, kuma yana kisa. Tun 2014 ta yi irin wannan gargaɗin a kan lidocaine na ruwa mai kauri. A Ingila ma tun farkon 2019 jel ɗin haƙorin yara mai lidocaine sai a hannun mai ilimin magani ake sayensa, kuma sai in murza da abin tauna sun gaza. Akwai kuma na manya na gyambon baki mai choline salicylate, ɗan uwan asfirin ne, a can an hana shi ga wanda bai kai shekara 16 ba, a nan kuwa suna ɗaya kwali kusan iri ɗaya sai a miƙo miki shi a ce na yara ne. In kin lura ma, ɗan sauƙin da ake gani in an shafa jel, yatsan da ya murza wurin ne ya yi rabin aikin.

Na gida kuma sai a hankali, don a nan ba da mai kemis kike magana ba, da uwar mijinki ce ko mahaifiyarki. Dauri da jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake sayowa a Kurmi ko Rimi, iyayenmu sun ba mu mun rayu, ba musu. Damuwata biyu ce, ba wanda zai iya gaya miki adadin abin da ke cikin kofi ɗaya, yau ya yi ruwa-ruwa gobe ya yi kauri, ga hanta da ƙodar jariri ba su gama ƙwari ba, sannan ruwan da aka jiƙa shi ya kwana biyu uku a kwano cikin zafi shi kansa hanyar zawo ne. Ɗan ƙasa da wata 6 kuwa nono zalla ne abincinsa da abin shansa. Zuma tana da daraja a wurinmu kuma ba wanda ya ce ba magani ba ce, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ba ko da shafawa ce a dasashi, saboda takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa na jariri ba ya iyawa, ta saki gubar da ke sa jikin yaro ya saki har tsotso da numfashi su gagara. Bayan shekara a sha lafiya. Tafarnuwa da man kanumfari ƙona fatar bakin jariri suke yi. Laya ko wuri ko tsakiya a wuya, matsalar zaren ne da abin da zai iya tsinkewa ya shiga baki, a Amurka ma sai da aka yi gargaɗi a 2018 a kan sarƙar haƙori ta duwatsu bayan ta shaƙe wani yaro ɗan wata 18 yana barci. Addu'a da tofi ba su da zare, a yi ta yi. Wanda ba a sasantawa a kansa shi ne aska, duk wanda ya ce a kai wa wanzami ya tsaga dasashi don haƙori ya samu hanya, a'a ɗin nan ki faɗe ta ko za a yi fushi, jini ne da tetanus da ciwon hanta ake saye da kuɗi, haƙori ba ya buƙatar a buɗe masa ƙofa.

Yadda za ki faɗa ma wani abu ne. In kika ce wa Hajiya ai wannan duk camfi ne, kin ja wa kanki, kuma ranar da kika fita unguwa za a ɗura masa. Gara ki ce "Hajiya, ranar awo nas ta ja min kunne sosai, ta ce kar a ba shi komai sai ya shekara, ina tsoron kar mu koma su ga alama su yi min faɗa, amma dan Allah ki riƙa murza masa dasashin, na ga ya fi yin shiru a hannunki." In ta ce "ku dai 'yan zamani komai asibiti", ki yi dariya ki ce "wallahi Hajiya haka suka mayar da mu." In babansa ne zai faɗa mata ma ya fi sauƙi, ki tura shi.

In kuma akwai zawo, an bar zancen haƙori ke nan, kuma abin da za ki nema a kemis ba Flagyl ba ne. Yawancin zawon yara ƙanana ƙwayar bairos ce irin su rota, Flagyl da Septrin ba sa taɓa ta, shi ya sa ma aka sa rigakafin rota cikin na yara a ƙasar nan tun 2022, ɗigo ne a baki a sati 6 da 10 da 14, ki duba katinsa ki gani ko ya samu. Kafso ɗin nan mai ja da yalo da ake fasawa a zuba a koko kuwa, tetracycline ne, yana shiga cikin haƙoran da ke tsirowa ya rine su ruwan ƙasa har girma, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Abin da ake so ORS ne, wato haɗin gishiri da sukari na leda, da zinc. Ki karanta jikin ledar ORS ɗin, yawanci a lita 1 ake narkawa, wato fiya wata biyu, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kamar 50 zuwa 100ml bayan kowane zawo, in ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Zinc kuma 20mg kullum kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, ɗan ƙasa da wata 6 rabin haka. Nono kar a fasa.

Zazzaɓi kuma a auna, ma'aunin zafin jiki na dijital ya fi duk kwalaben nan amfani a gida kuma sau ɗaya ake saye. In ya kai 38 a je a yi gwajin maleriya, ɗan jinin yatsa ne minti 15 zuwa 20 an gani, balle da damina, kuma in masu rabon maganin rigakafin maleriya na wata-wata sun ƙwanƙwasa ƙofa, na yara 'yan wata 3 zuwa 59, a karɓa a kammala na kwana ukun. Jaririn da bai kai wata 3 ba da ya yi zazzaɓi ba a ma tsaya ba shi komai a gida. Haka in maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ya yini bai jiƙa famfas ko nafkin ba, yana kuka ba hawaye, ya ƙi nono, yana aman duk abin da ya sha, akwai jini a kashi, numfashi sama-sama haƙarƙari na shiga, jiki ya saki ko ya yi taune-taune, ko kuma ga yawu ga zazzaɓi ga wuya ya kumbura, mun ga abin da mashaƙo ya yi a garin nan a 2023. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa, Hasiya Bayero, Murtala, asibitin Malam Aminu Kano, ko wanda ya fi kusa da ku.

Ƙurajen haɓa ba sa son komai sai a riƙa dangwale yawun da tsumma mai laushi, ba gogewa da ƙarfi ba, a shafa basilin ko man kaɗe, a canza riga in ta jiƙe, musamman da hunturu da fatar ke saurin tsagewa. In ya cije ki wajen shan nono ki sa ɗan yatsa ta gefen bakinsa ki zare, ki ɗan dakata kafin ki mayar, yawanci in ya ƙoshi ya fara wasa ne yake cizon, ba dalilin yaye ba ne. Ranar da haƙori na farko ya fito a fara goge shi safe da dare da ɗan buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar shinkafa, kuma kar a bar shi ya yi barci da fida mai zaƙi a baki. Wadda nata ya kai wata 10 ko shekara ba haƙori ko ɗaya, ga sa'anninsa da huɗu-huɗu ana ta yi mata surutu a gidan suna, ba wani maganin kalsiyam ko na kwalba da zai jawo shi, sau da yawa ma gado ne, ki tambayi Hajiya yaushe babansa ya yi nasa. In ya kai wata 18 shiru, sai ki kai shi likitan haƙori ya duba.